Ƙarfe a Cikin Ɓargo

Da zarar likita ya ɗaga hoton ƙafar ɗan acaɓa ya ce, "Sai an sa ƙarfe," za ka ga fuskokin dangi sun canza. Wani ya ce ƙarfen zai yi tsatsa a jiki, wani ya ce idan sanyi ya shigo mutum ya yi sallama da barci. Babban tsoron kuwa shi ne wai daga ƙarfe sai yanke ƙafa. Kafin gari ya waye an sa hannu a takarda, an ɗauke majinyaci, sai gidan mai ɗori.

Abin da ba a cika zama a yi wa mutane bayani ba shi ne, ƙarfe ba ya haɗa ƙashi. Kara da tsumman mai ɗori ma ba sa haɗa shi. Jiki ne ke yin wannan aikin da ikon Allah. Idan ƙashi ya karye, jini kan taru ya daskare a wurin, bayan 'yan makonni ya zama wani abu mai taushi kamar guringuntsi, daga nan ya yi ta ƙwari har ya koma ƙashi. Abin da jiki ke nema kawai shi ne bakunan karayar su daidaita, su zauna wuri ɗaya, jini kuma ya ci gaba da isa gare su. Mai ɗori na riƙe ƙashin daga waje, ta bayan fata da tsoka. Likita kan riƙe shi daga ciki, bayan ya ga yadda karayar take a hoto.

A ƙashin cinya ne bambancin ya fi fitowa. Tsokar cinya ƙarfi gare ta, tana fizgar gutsattsarin ƙashin har ɗaya ya hau kan ɗaya, babu karan da zai hana ta. Shi ya sa ake yawan warkewa da gajeruwar ƙafa da ɗingishi na har abada. Da can, a asibitocin Turai ma, sai a kwantar da mutum makonni masu yawa an rataya wa ƙafarsa nauyi. A 1939 wani likitan Jamus a birnin Kiel, Gerhard Küntscher, ya zura doguwar sandar ƙarfe a cikin kogon ɓargo, ta bi tsawon ƙashin ta riƙe shi. Likitocin ƙasarsa da yawa sun yi masa ca a lokacin. Amma a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da fursunonin yaƙi na Amurka suka koma gida suna takawa da ƙafafunsu, hoto kuma ya nuna ƙarfe kwance a cinyoyinsu, sai duniya ta farga. Sandar yau ana kulle ta da ƙusoshi sama da ƙasa don kada ƙashin ya juya, sau da yawa majinyaci kan miƙe da sandar dogarawa cikin 'yan kwanaki.

Inda karaya ta shiga gaɓa ko ta kama ƙasusuwan dantse biyu, faffaɗan ƙarfe mai huji-huji ake shimfiɗawa a jikin ƙashin a ɗaure da ƙusoshi. Ƙungiyar AO, wadda Maurice Müller da abokansa suka kafa a Suwizalan a 1958, ita ta tsara ƙa'idojin wannan aiki. Ana ƙera kayan da baƙin ƙarfe na musamman da ba ya tsatsa, ko da titaniyam. Gaskiya ne wasu kan ji ɗan tsami lokacin hunturu, kuma idan ƙarfen ya dami mai shi ana iya cire shi bayan ƙashi ya haɗe.

Idan ƙashi ya huda fata ya fito, magana ta canza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙwayoyin cuta kuma idan suka samu ƙarfe a cikin rauni mai datti sukan maƙale masa. A nan akan soka ƙusoshi ta fata a haɗa su da wani ƙarfe a waje, raunin ya zauna a buɗe ana wanke shi. Gavriil Ilizarov, likita a garin Kurgan na Saberiya, ya kai wannan dabara nesa da zobban ƙarfe da wayoyi: ya gano cewa idan aka yanka ƙashi aka riƙa ja da shi milimita ɗaya a kowace rana, sabon ƙashi kan tsiro ya cike gurbin. A 1968 ya yi wa Valeriy Brumel magani, zakaran tsalle na Olamfik wanda hatsarin babur ya ragargaza wa ƙafa, har ya sake komawa fili.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya fi burge ni, wanda zan kira turken zare. Jijiyar da ke ɗaga hannu kan tsinke daga kan ƙashin kafaɗa, musamman ga dattawa da masu aikin ƙarfi. To ta yaya za a ɗinke nama a jikin ƙashi, alhali allura ba ta shiga? Sai a kafa wata 'yar ƙusa, 'yan milimitoci kaɗan, a nutsar da ita cikin ƙashin, zare mai ƙarfi na zarge a kanta. A soka zaren a jijiyar, a jawo ta a ɗaure, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Tun tsakiyar shekarun 1980 ake amfani da shi. Wani na titaniyam ne, wani na roba mai tauri, wani kuma jiki kan narkar da shi a hankali. Shi ma riƙo kawai yake yi na wajen wata uku, kafin jijiyar ta kama ƙashin da kanta. Wanda ya yi gaggawar ɗaukar buhu zai tumɓuke shi.

Ban ga laifin talakan da ya tsorata ba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, yana karɓar mutane daga jihohi da yawa, kuɗin ƙarfe kuma yawanci daga aljihun dangi yake fita. Saboda irin wannan matsala ce wani likitan Amurka, Lewis Zirkle, ya kafa ƙungiyar SIGN a 1999, ta ƙera sandar da ake iya kullewa ba tare da na'urar hoto a ɗakin tiyata ba, tana kuma ba asibitocin ƙasashe matalauta kyauta, har da wasu a Nijeriya.

Batun yanke ƙafa ne ke ci mini rai, domin galibi ba ƙarfe ke jawo shi ba. Sabuwar karaya kumbura take yi. Idan aka tamke ta tamau da kara, jini ya kasa wucewa, cikin sa'o'i kaɗan tsoka ta fara mutuwa. Yaro ya kwana yana kuka ana ce masa ya daure, ɗori ne ke kamawa. Sai bayan kwanaki, ƙafa ta yi baƙi tana wari, a kawo shi asibiti, likita ya yanke don ceton rai, a koma gida a ce asibiti ya yanke. Idan zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, a kwance ɗaurin nan take, a kama hanyar asibiti a daren.