Bayan an yi wa kare aiki: kwana 14 da ke son haƙuri

 Da yawanmu muna da kare a gida, ko don gadin garkar albasa a kwarin Tarka da Magiya, ko don korar dila daga garken awaki. Wata rana sai a kai shi wajen lokotoron bisashe: an fiɗiye shi, ko an ɗinke inda waya ta yage shi, ko an yi wa karya aiki don haihuwa ta gagara. To, aikin lokotoro awa ɗaya ne ko biyu. Sauran aikin namu ne, kuma a nan ne ake yin asara.

Fatar da aka ɗinke tana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ta kama. Amma shi kare, musamman kwikwiyo, kwana biyu ko uku ya ji sauƙi sai ya so gudu da tsalle. Tsalle guda kan iya tsinka zare. In aikin ciki ne, hanji ma na iya leƙowa, kuma kafin a samu babur zuwa gari, sai dai wani ba shi ba.

Saboda haka mu shirya mishi wuri tun kafin ya dawo. Ɗan lungu cikin inuwa, a kewaye da zana ko ƙyauren kara, daidai inda zai miƙe, ya juya, ya kwanta. A share ƙasa, a shimfiɗa buhu mai tsabta. Kada a kulle shi cikin ɗakin kwano: a watan Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40, kare kuwa ba ya gumi kamar mu, da haki yake shan iska. In ɗaure shi za a yi, igiyar kada ta yi tsawon da zai zabura, kada kuma ta zama zarge. Safe da maraice a fito da shi riƙe da igiya, ya yi fitsari da kashi, a mai da shi.

Ranar farko allurar barci ba ta gama sakin shi ba, zai yi ta layi. A ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, abinci kuma rabin abin da ya saba. A kula: albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, suna lalata mishi jini, ɗanyu ko dafaffu. Kada a zuba mishi sauran miyar da ta ji albasa.

Mun sha jin ana cewa yawun kare magani ne. Ba ga ɗinki ba. Lasa tana kwance zare, tana kai ƙwayoyin cuta cikin miki. Dabarar mai sauƙi ce: a samu kwali mai kauri, ko tsohon bokitin roba a yanke gindin, a naɗe bakin da tsumma, a sa mishi a wuya kamar mazurari. Zai ci, zai sha, amma bakinshi ba zai kai ga ɗinkin ba. Zai yi ƙorafi kwana ɗaya, sannan ya saba.

Kada a zuba toka, baƙin mai ko garin batir a kan mikin, kada a yi mishi wanka. Kada a ba shi maganin mutane irin na tebur: ibuprofen na iya huda mishi ciki ya kashe ƙoda, paracetamol ma kan lalata hanta in an wuce ƙima. Abin da lokotoro ya ba da, shi kaɗai.

Kullum sau biyu a duba wurin, don ƙuda na yin ƙwai a miki ya zama tsutsa. In an ga kumburi na ƙaruwa, ko mugunya, ko wari, ko jini bai tsaya ba, ko kare ya ƙi abinci fiye da kwana guda, a kira lokotoron ko a nufi ma'aikatar kiwo ta gunduma. Kada a ce sai ranar kasuwa.

Sai batun yara. Kare mai ciwo kan ciji ko mai shi, don haka a hana su wasa da shi. In ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai yaron likita ranar nan. Ranar cire zare kuma a tambayi allurar haukar kare.

Ku da ke waje, in kun aiko da kuɗin aikin, ku ƙara na komawa cire zare, ku kuma bugo ku tambayi wa ke kula da shi. Dabbar da ta kwana tana gadinmu ta cancanci sati biyu na haƙurinmu. Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu.