Minsharin Da Ke Hana Hawan Jini Sauka

A Madakiya, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Kafanchan, minshari abin tsokana ne. Manomi ya yini a gonar citta, dare ya yi ya hana gida sakat, sai a ce gajiya ce. Sau da yawa gajiyar ce kuwa. Amma akwai minsharin da ke yankewa ɗif, ɗaki ya yi tsit, can sai mutum ya zabura yana haki kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Wannan kam ciwo ne, ɗaukewar numfashi cikin barci.

Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro kan saki, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska. Likitoci kan ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10, in ta wuce sau 30 a awa ɗaya, abin ya yi tsanani. Kowace tsayawa tana rage iskar oksijin a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita jiki, jijiyoyi su tsuke, zuciya ta ƙara gudu. Jinin mai lafiya kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari da dare, zuciya ta ɗan sarara. Zuciyar mai wannan ciwo kwana take tana fama, shekara da shekaru, har ta kai ga rikicewar bugu ko shanyewar ɓarin jiki.

Wani binciken jihar Wisconsin ta Amurka da aka wallafa a 2000 ya gano cewa waɗanda numfashinsu ke tsayawa sau 15 ko fiye a awa sun ninka waɗanda numfashinsu ba ya tsayawa kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da hawan jini cikin shekara 4. Shi ya sa wanda ke shan magani kala uku jinin ya ƙi sauka, kafin ya zargi mai kemis da sayar masa da jabu, ya kamata a tambayi yadda yake kwana.

Babban maganin da aka sani shi ne na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostireliya ya bayyana wa duniya a 1981. Tana hura iska ta hanci don kada maƙogwaro ya rufe. Gyangyaɗin rana kan tafi, ciwon kan safiya ya lafa. Sai dai a yi mata adalci, ba ta maye gurbin ƙwayar hawan jini, domin abin da take ragewa bai cika wuce maki 2 zuwa 3 ba. A 2016 an fitar da sakamakon wani gwaji mai suna SAVE kan mutum fiye da 2,700 masu ciwon zuciya ko jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba a kuwa ga ta rage bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. To amma mutanen awa uku da 'yan mintoci kawai suke sa ta a dare. Wannan fa a ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba ke nan, balle inda sai an haɗa da sola ko janareta.

Abin da ke hannun talaka ba kaɗan ba ne. Rage ƙiba da kashi 10 cikin ɗari kan rage tsayawar numfashi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Kwanciya ta gefe ta fi rigingine. Burukutu ko giyar dare da ƙwayar barci suna ƙara sakin maƙogwaro. Cire beli wurin wanzami kuwa ba ya buɗe hanyar, sai dai ya jawo zubar jini.

Matsalar ita ce mai ciwon bai san yana yi ba, yakan ma rantse bai taɓa minshari ba. Don haka in za a je asibiti a Kafanchan auna jini, maigida ya tafi da uwargida, ko ita ta tafi da shi, tunda mata ma na kamuwa, musamman bayan ɗaukewar al'ada. A ɗauki sautin barcin a waya a kunna wa likita, shi zai duba ko akwai buƙatar turawa asibitin koyarwa na Jos ko na Shika. Direba da ɗan acaɓa da ke gyangyaɗi a kan hanyar Zonkwa su ne bai kamata su jira ba.