Ba kowane dushewar gani ne yana ba: gaskiya da ƙarya kan aikin likitan ido

A ƙasar Gumel, daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar zuwa Gagarawa da Maigatari, da wuya a yi zancen kai tsoho asibitin ido wani bai kawo abin da ya ji ba. Wani zai ce ai ciro idon ake yi a ajiye a faranti, a wanke, a mayar. Wani ya ce idon akuya ake sa wa mutum. Wani kuma ya kawo labarin wane, wanda ya tafi Kano da ƙafarsa yana ɗan gani, ya dawo da ɗan jagora. Ba daidai ba ne a share waɗannan maganganu da cewa jahilci ne kawai, domin yawancinsu akwai wani abu na zahiri da mutane suka gani kafin su faɗa. Inda aka kuskure shi ne fassarar abin da aka gani. Mun haɗa cututtuka dabam-dabam mun kira su ciwon ido, mun kuma haɗa duk mai taɓa ido mun kira shi likita, sai laifin wata cuta ya hau kan wata, ɓarnar wani hannu kuma ta hau kan wani.

A fara da masu aikin. Likitan ido cikakke shi ne wanda ya yi karatun likita na shekara shida, ya yi aikin koyo a asibiti, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a kan ido kaɗai. Shi ne yake yin tiyata a cikin ido, shi ne kuma yake yanke hukunci a kan cuta mai wuyar ganewa. Akwai masanin gwajin gani, wanda shi ma jami'a ya yi, aikinsa auna ƙarfin gani, rubuta tabarau, da gano cuta ya tura gaba. Akwai nas ɗin ido, wanda shi ne mutumin karkara ya fi haɗuwa da shi, kuma da yawansu an koya musu aikin gyaran fatar ido. Mai shimfiɗa tabarau a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da mai kemis, da mai yawo ƙauye-ƙauye da jakarsa yana cewa yana cire yana, babu ɗayansu a cikin wannan jeri.

Yana ita ce babbar mai makantar da manya a Najeriya. Binciken makanta da aka yi a faɗin ƙasar nan tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kashi 43 na wannan makanta yana ce ta jawo ta, kuma kusan kashi 84 irin wadda ake iya karewa ce ko a warkar. Yana ba fata ba ce da ta rufe ido daga waje. A bayan baƙin ido akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai da take tattara haske. Tsufa, ko ciwon sukari, ko bugu, su ne suke sa ta yi hazo har ta yi fari. Abin da likita yake yi shi ne ya kashe zafin wurin da allura ko ɗigo, ya yi ɗan ƙaramin tsagi a gefen ido, ya fitar da ƙwayar da ta lalace, ya sa wata ta roba a gurbinta. Sau da yawa aikin ba ya wuce rabin sa'a, mutum yana farke, washegari a cire bandeji. Idon yana nan a raminsa tun daga farko har ƙarshe. Ba ma zai yiwu a ciro shi a mayar ba, domin jijiyar gani ce ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa, in ta tsinke babu likitan da ya iya ɗinke ta a duk duniya. Wannan dalilin ne kuma ya rushe zancen idon akuya. Gaskiyar da ke cikin jita-jitar ita ce lallai ana fitar da wani abu, ana kuma sa wani abu. Wanda aka nuna masa ƙwayar da aka ciro, ja-ja kamar ƙwayar wake, ba abin mamaki ba ne ya koma gida ya ce idonsa ya gani a faranti.

To, daga ina aka samo cewa aikin ido yana makantarwa? Babban kaso daga masu yawon cire yana ne. Su ba fitar da ƙwayar suke yi ba. Tsinke ko allura suke sokawa su ture ta ta faɗa can cikin ido. Nan take haske ya shiga, tsoho ya ce ya ga hannu, ya ga inuwar mutane, jama'a su yi kabbara, a biya mai aiki ya kama hanyarsa. Abin da ke biyo baya ba ya nan ake yin sa: kumburi, ƙwayar cuta daga ƙarfen da ba a dafa ba, hauhawar matsin ido, ɓallewar tantanin gani. Ko da an tsira daga waɗannan, idon da babu ƙwaya a cikinsa ba ya gani sosai sai da tabarau mai kauri. Wancan binciken ya samu cewa cikin idanun da aka yi wa wani aiki saboda yana, fiye da kashi 40 turewa aka yi musu, kuma kusan kashi 73 na idanun da aka ture ɗin makafi ne lokacin da aka auna su. Mai cewa ai sana'ar gado ce, tun kafin zuwan Turawa ake yi, bai yi ƙarya ba. An daɗe ana yin ta a Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai. Amma tun wajen shekara dubu da ta wuce, likita Ammar al-Mausili da ya yi aiki a Masar ya ƙera allura mai rami don zuƙo yana waje, a 1747 Daviel na Faransa ya fara fitar da ƙwayar ta hanyar tsagi, a 1949 kuma Ridley ya sa ƙwayar roba ta farko a Landan. Masu ilimin ido sun bar turewa ne saboda sun ga abin da take haifarwa.

Labarin wanda ya je asibiti yana gani ya dawo ba ya gani shi ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin yakan faru, kuma sau da yawa ba yana ce ke damun mutumin ba. Hawan jinin ido ne, cutar da ke biye wa yana wajen makantarwa, da kusan kashi 17 cikin ɗari. Ruwan da ke cikin ido ne yake kasa fita yadda ya kamata, matsi ya ƙaru, jijiyar gani ta riƙa mutuwa a hankali. Ba zafi, ba ja, ido fes a waje. Gefe-gefen gani take fara ci, shi ya sa mutum zai yi shekaru bai lura ba. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin 20 na masu shekara 40 zuwa sama yana da ita, kuma fiye da kashi 90 ba su san suna da ita ba. Abin da ta cinye ba ya dawowa. Ɗigo da tiyata tsare ragowar suke yi, ba maido da wanda ya tafi ba. Idan aka kai tsoho bayan jijiyar ta kusa ƙarewa, aka yi aiki, ɗan abin da ya rage ya tafi, dangi za su ɗora wa wuƙar likita. Nan kuwa a ganina likitoci ma suna da nasu kaso, domin bayani na minti biyu a ɗaki mai cunkoso ba ya isa mutum ya gane cewa ɗigon da zai riƙa saye har ƙarshen rayuwarsa ba zai ƙara masa gani ba. Wanda bai gane haka ba zai ajiye kwalbar bayan wata guda ya ce ba ta aiki. Cutar tana bin jini, saboda haka 'ya'ya da ƙannen mai ita su ne suka fi cancantar a auna su tun idonsu lafiya lau.

Ba a ce aikin yana a asibiti ba ya taɓa ɓaci ba. Yana ɓaci, musamman in an koma gida an daina sa ɗigo, ko an shiga ƙura, ko ba a koma ranar da aka ce a dawo ba, wani lokaci ma daga hannun mai aikin ne. Masu cewa yana takan dawo su ma sun ga wani abu: jakar da aka zaunar da ƙwayar roba a cikinta tana iya yin hazo bayan watanni ko shekaru, ana kuma share shi da hasken leza cikin 'yan mintuna. Zancen a jira yana ta nuna kuwa tsohuwar ƙa'ida ce ta zamanin tsohuwar tiyata. Yanzu ma'aunin shi ne ta fara hana mutum noma, ko karatun Alƙur'ani, ko gane fuska. Barin ta ta wuce kima ma yana iya tayar da matsin ido.

Sai kuma maganin gida da na kemis. Afolo yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, wannan ne ya sa ruwan sukari da nonon mace da ruwan albasa suka yi suna, alhali ko ba a sa komai ba zai tafi. Fitsarin da wasu ke ɗigawa kuwa yana iya kai wa ido cutar sanyi, wadda takan huda shi cikin kwanaki. Haɗari mafi girma lokacin girbi ne. Idan ƙaiƙayin gero ko tsinken kara ya karci baƙin ido, aka je kemis aka karɓo ɗigo mai sinadarin kwantar da kumburi, jan zai lafa, amma gyambon ya ci gaba da ci ta ƙasa, ƙarshensa hakiya. Irin wannan ɗigon ne kuma, in aka daɗe ana sa wa yaro mai ƙaiƙayin ido, yake haifar masa da hawan jinin ido ko yana. Tsigar gashin ido ga mai gira, wato wanda gashin ya juya yana sukar idonsa, sauƙin 'yan kwanaki ce. Amosanin ido ne ya tanƙwara fatar ciki, kuma ƙaramin aikin da nas ke yi ne yake miƙar da ita. Tabarau ba ya kashe ido. Na kasuwa yana iya taimaka wa ɗan shekara 45 ya zura zare a allura, sai dai ba zai auna masa matsin ido ba.

Saura maganar kuɗi da nisa, kuma wannan ba jita-jita ba ce. Likitocin ido sun taru ne a birane, tafiya daga Ɗanzomo kuma ta mutum biyu ce, da mara lafiya da mai rakiya, ga abinci ga wurin kwana. Abin da ke rage asara shi ne a fara daga kusa: a je babban asibitin Gumel a nemi a duba idon, a karɓi takardar tura mara lafiya in abin ya fi ƙarfin wurin. Daga nan akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, wanda yake aiki tun 1943, da na Makka, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa. Idan aka ji sanarwar aikin ido kyauta, a tambaya wane asibiti ne ya turo su, za a sa ƙwayar roba ko a'a, kuma ina za a koma in ido ya yi zafi bayan sun tafi. Ɗaukewar gani farat ɗaya, ko rauni, ko ciwo mai tsanani da amai, ko fari a tsakiyar idon jariri, waɗannan ba a jiran ranar kasuwa ko a sayar da riɗi. Ranar ake kama hanya.