Wayar Hannu da Yaƙin Neman Shugabancin Ƙasa

A zamanin da ya shuɗe, mai neman mulkin Nijeriya ba shi da hanyar isar da da'awarsa ga talakawa face rediyo da jarida da taron dandali. Amma a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 al'amari ya sauya, domin matasan da suka mara wa Peter Obi baya, alhali a lokacin jam'iyyarsa ta Labour ba ta da gwamna ko ɗaya, su da kansu suka riƙa tsara hotuna da gajerun bidiyo suna watsawa a Twitter da Facebook, har ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 6, ya kuma rinjayi Bola Tinubu a Legas, cibiyar siyasar Tinubun.

A ƙasar Hausa kuwa, ƙarfin yana ga saƙon murya na WhatsApp. Mai shayi ya kunna wayarsa, jama'a na zaune a benci suna saurare, kafin la'asar maganar ta tashi daga Gusau ta isa Kano, ba tare da an san mai faɗinta ba. Wannan yana damuna ƙwarai, saboda malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta mutum bayan mutum, ga shi yau ƙazafi a kan ɗan takara, ko hoton da aka jirkita, yana ratsa gidaje kafin hukumar zaɓe ko wata jarida ta sami damar ƙaryata shi.