Araha ba ta ado: maganin dabbobin da ake saye ta waya

A da, mai kiwo a Gulma sai ya je Argungu ko Birnin Kebbi kafin ya sami maganin dabbarsa. Yanzu wayar hannu ta ɗauke masa wannan tafiya. Ya ga hoton kwalba a Facebook ko WhatsApp, ya tura kuɗi, bayan kwana biyu direba ya miƙa masa ƙulli a tasha. Mai ragon layya, mai doki, mai tantabaru da mai karen farauta duk sun shiga wannan ciniki, kuma kaɗan ne ke tambayar inda kwalbar ta fito.

Buƙatar maganin ta gaskiya ce. Dabbar da ke kiwo a fadamar Rima ba ta rabuwa da tsutsar hanta, wadda ƙananan katantanwar ruwa ke yaɗawa. Jabun maganin tsutsa kuwa sau da yawa ba ruwa ne zalla ba: akan sa sinadarin kaɗan, dabba ta ɗan farfaɗo, mai ita ya yaba, bayan makonni ta koma ramewa, tsutsar da ta tsira kuma ta ƙara taurin kai.

Wannan asarar dukiya ce, ana iya mayar da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar rigakafin haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari ta cizon kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan ba a tsira. Rigakafin yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa jikin kare. To, a ɗauki kwalbar da ta kwana a bayan mota cikin zafin Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40. Ko ta asali ce, ƙarfinta na iya raguwa. Mai kare zai ce ya yi allura, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ranar da karen ya ciji yaron maƙwabta, wannan maganar ce za ta hana a kai shi asibiti.

Saboda haka rigakafi ba kayan saye ta waya ba ne. A kai dabba asibitin dabbobi, likita ya fito da shi daga firji, ya yi allurar, ya ba da takardar shaida. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa irin waɗannan allurai, kuma mai dabba yana da haƙƙin tambayar likita asalin wadda zai yi amfani da ita.

Sauran magunguna, in dole sai ta intanet, a duba lambar rajistar NAFDAC, lambar rukuni da ranar lalacewa, a tabbata na jikin kwalba da na kwali iri ɗaya ne. Sai dai lamba ma bugawa ake yi. Ni na fi yarda da ɗan kasuwar da ke da shago, da adireshi, da rasit, wanda za a iya komawa gare shi. Wanda ba shi da komai sai lambar waya, kuma farashinsa rabin na kowa, a bar masa kayansa.

Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti nan take, ko da mai karen ya rantse an yi masa allura.