Gidan Ɗan Hausa: Ginin Ƙasa Yana Bukatar Hannun Magina

Duk baƙon da ya shiga unguwar Nasarawa a Kano, ya ratsa manyan gidajen siminti da ofisoshin gwamnati, zai tarar da wani gida na ƙasa wanda ya fita daban da maƙwabtansa. Zankwayensa suna tsaye, bangonsa kuwa ya sha zane irin na magina na da. Wannan shi ne Gidan Ɗan Hausa. Shekarunsa sun haura ɗari, kuma a harabarsa ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take da ofishinta, gidan kansa kuwa ya zama wurin ajiye kayan tarihi.

Mutumin da gidan ya ci sunansa shi ne Hanns Vischer, wanda aka haifa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 1876. Ya yi aikin mulki a Borno, kuma a 1906 ya ratso Hamada daga Tarabulus tare da ayari. Saboda yadda ya iya harshe, ya kuma san al'adun mutane, sai aka laƙaba masa Ɗan Hausa. A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa a nan Nasarawa, inda aka koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna, aka kuma koyar da sana'o'in hannu. A wannan gida ya zauna, daga nan kuma ya riƙa gudanar da aikin ilmi. Watau ke nan gidan ya daɗe yana aikin ofis.

Abin lura shi ne, ko da yake Bature ne ya zauna a ciki, aikin na maginan Hausa ne tun daga tushe har soro. Da tubali aka tayar da bango, watau curin ƙasa da ake cuɗawa da ciyawa, a mulmula da hannu, a shanya a rana. Akan yi bangon da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, shi ya sa ɗaki yakan yi sanyi da rana, ya riƙe ɗumi da dare lokacin hunturu. Rufin kuwa na azara ne, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, gara ba ta cinta da sauƙi. Da yake azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a ɗaki mai faɗi, sai magina su jera ta bisa juna, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, su lulluɓe da ƙasa har su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne bakan gizo, kuma da wannan dabara ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

To, amma babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Don haka magina suka tanadi makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don yaɓen bango. Suka kuma tanadi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don shafe soro. Indararo kuwa shi ke jefar da ruwan sama nesa da gindin bango. Duk waɗannan ba a yinsu sau ɗaya a huta. Tilas ne a duba gida kafin damina, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Idan aka yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa ya sami hanya, azara ta ruɓe, sai a wayi gari soro ya rufta. Wasu kuma sukan shafe bangon ƙasa da siminti da nufin gyara, alhali kuwa siminti yana riƙe danshi a ciki, ƙasar ta riƙa zagwanyewa a ɓoye har ya ɓamɓare.

Ba a rasa doka ba a ƙasar nan. Tun 1953 aka kafa dokar kare kayan tarihi, kuma a ƙarƙashinta aka sa Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda shi ma aikin Babban Gwani ne, cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1956, Gidan Makama na Kano kuwa a 1959. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da doka mai lamba 77. Duk da haka, a 2010 an rushe Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa hanya. A 2016 kuma aka rushe Ilojo Bar a Legas, gidan da ke cikin jerin gine-ginen tarihi tun 1956. Ashe takarda kaɗai ba ta tsare bango.

A nan ya kamata mu yi koyi da mutanen Jenne a ƙasar Mali. Babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, tsaran Gidan Ɗan Hausa ne. Kowace shekara mutanen gari sukan fito, babba da yaro, su yaɓe shi a ƙarƙashin jagorancin maginansu, yara kuma su tashi da sanin sana'ar.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya wajaba hukuma ta kula da su. Na farko, a ware kuɗin yaɓe da gyaran soro a kasafin kowace shekara, kada a jira sai bango ya faɗi a ba da kwangila. Na biyu, a damƙa aikin ga Sarkin Magina da mutanensa, a kuma haɗa su da matasa masu koyon gini a makarantun fasaha, domin tsofaffin da suka san laso da ɗaurin azara suna ƙarewa. Na uku, a ci gaba da amfani da gidan, gama gidan da ake shiga kullum shi ake ganin yoyonsa da wuri.

Wannan magana ba ta Kano kaɗai ba ce. Daga Katsina har Lafiya da Awe, duk garin da ke da tsohon zaure ko soron ƙasa da ya rage, sarakunansa da ƙaramar hukumarsa su duba shi tun damina ba ta sauka ba. Allah ya ba mu ikon riƙon abin da magabata suka bar mana, amin.