Launin Haƙori da Abin da Yake Faɗa: Darasi Daga Bakin Feret

Mai karatu da ya taɓa cin karo da bodari a bakin gona, ko ya ji labarin taurin kan dage a wurin maharba, ya riga ya san dangin dabbar da za mu yi magana a kanta. Sunanta feret, masana kuma suna kiranta Mustela furo. 'Yar siririya ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, nauyinta bai cika wuce kilo 2 ba. Fiye da shekara 2,000 ke nan mutanen Turai suna kiwonta, suna zura ta cikin ramin zomo don ta koro musu shi waje. Daga baya ta zama dabbar gida kamar kyanwa, musamman a Amurka da Ingila da Japan.

Feret nama kawai take iya ci. Hanjinta gajere ne, abinci yana ratsa shi cikin awa 3 zuwa 4, saboda haka ba ta da abin yi da hatsi ko ganye. Wannan ne ya sa wasu masu kiwonta suka juya wa busasshen abincin kanti baya, suka koma ba ta ɗanyen nama: fiffiken kaza da wuyanta, zuciya, hanta, 'yan tsaki, ɓeraye da salwa. Hujjarsu ita ce abin da kakanninta suke ci ke nan a daji, kuma yana sa haƙora su yi fari fat. Sai ga shi wata rana mai ita ya ɗaga leɓenta ya tarar haƙori ya sauya launi. Shin ɗanyen naman ne ya gaza, ko kuwa wani abu ne dabam?

Babbar feret tana da haƙora 34. Na gaba ƙanana ne ƙwarai, sai fiƙoƙi 4 masu tsini, sai kuma turame, waɗanda a wurinta sunan ne kawai, domin ba sa niƙa komai. Muƙamuƙinta sama da ƙasa kaɗai yake motsi, kuma a kowane gefe akwai manyan haƙora biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da suke goge juna kamar almakashi. Kowane haƙori hawa uku ne. Daga waje akwai inamel, wanda ya fi komai tauri a jikin dabba. Ƙarƙashinsa akwai dentin, mai ɗan launin ɗorawa, cike da ƙofofi sirara waɗanda ido ba ya gani. Can tsakiya kuwa sai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Tambayar farko da nakan koya wa ɗalibaina su yi game da kowane haƙori mai launi ita ce: launin nan a bisa yake, ko daga ciki ya taso?

Na bisa shi ne mai sauƙin ganewa, kuma duk wanda ya san bakin mai cin goro ya san irinsa. Bayan kowane cin abinci, ƙwayoyin bakteriya da yawu suna shimfiɗa wata dauɗa mai laushi a jikin haƙori. Idan ba a goge ta ba, cikin 'yan kwanaki sinadaran da ke cikin yawu sai su daskarar da ita, ta zama kanta mai tauri, launin ɗorawa ko ruwan ƙasa, tana farawa daga bakin dasashi. Illarta ba ta tsaya ga muni ba. Dasashi yakan yi ja ya kumbura, ya janye, cuta ta gangara ta cinye ƙashin da ke riƙe da saiwar, har haƙori ya fara girgiɗi.

A nan masu ba da ɗanyen nama suna da gaskiya, amma rabinta. Abin da ke goge haƙori shi ne wahalar tauna, ba ɗanyantakar naman ba. Idan feret ta kama wuyan kaza tana datsar fata da jijiya da guringuntsi, almakashin nan nata yana nutsewa cikinsu har dasashi, su kuwa suna yi masa aikin asuwaki. Niƙaƙƙen nama, ko da ɗanye ne, lashe shi take yi ta haɗiye, bai goge komai ba. An ga alamar haka a wurin 'yar'uwarta ta daji mai baƙaƙen ƙafafu, wadda aka zaci ta ƙare a duniya sai aka sake gano ta a jihar Wayomin ta Amurka a 1981, aka shiga kiwon 'yan da suka rage. Da masana suka gwada ƙoƙunan kan waɗanda aka kiwata da abinci mai laushi da na waɗanda suka rayu a daji, sai suka tarar kanta da ciwon dasashi sun fi yawa a bakin na kiwo. Daɗin daɗawa, wata feret ɗin gefe guda take tauna, ɗayan gefen ya yi ta tara kanta komai kyan abincin.

Launin da ya taso daga ciki shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin shi ne aka fi yi wa sakaci. Haƙori guda, galibi fiƙa, sai ya zama ruwan hoda, daga nan shunayya, daga nan ruwan toka ko baƙi-baƙi, alhali maƙwabtansa farare ne. Abin da ya faru shi ne an bugi haƙorin, jijiyoyin ɓargonsa suka fashe, jini ya shiga ƙofofin dentin ya ruɓe a can, ƙarfen da ke cikin jinin ya rina shi. Babu buroshin da zai kai wurin. A 2001 wani likitan haƙoran dabbobi ɗan Kanada, Fraser Hale, ya binciki irin waɗannan haƙora a bakin karnuka, ya tarar fiye da kashi 90 cikin 100 ɓargonsu ya mutu, ko duka ko wani sashe. Matacen ɓargo kuwa masaukin bakteriya ne, ƙarshensa ƙurji a gindin saiwa.

Feret ta fi shiga wannan haɗari saboda ɓargon fiƙarta yana zuwa kusa da tsini, ɗan ɓalli kaɗan ya isa ya buɗe shi. Ga ta kuma da ɗabi'ar cizon wayar keji idan ta gaji da kulle. Ƙashin da ya fi ƙarfinta, irin na ƙafar saniya ko tunkiya, shi ma yana fasa haƙori. Dafaffen ƙashi kuwa tsagewa yake yi ya soki baki ko hanji. Abin tausayin shi ne dabbar ba ta kuka da ciwon. Za ta ci gaba da cin abinci, sai dai mai lura ya ga tana kaucewa ƙashi, ko tana zubar da yawu, ko tana kai hannu baki. Maganin yana wurin likitan dabbobi: ya ɗauki hoton eksire, sannan ya cire haƙorin ko ya kwashe ɓargon ya cike gurbinsa.

Kada dai a ruɗe da sauyin da tsufa ke kawowa. Fiƙar 'yar feret fara ce sol, amma da shekaru sai ta riƙa yin garai-garai daga tsini zuwa gindi, har likitoci kan kimanta shekarunta da wannan. Bambancin shi ne tsufa yana taɓa fiƙoƙin hagu da dama tare, a hankali. Haka nan maganin tetirasaikilin, idan aka ba jaririya lokacin da haƙoranta ke ginuwa, yakan rina su ɗorawa har abada. Akwai kuma kuskuren ba da tsoka zalla babu ƙashi: fosfaras ya yi yawa, kalsiyam ya yi kaɗan, jiki ya riƙa zarar kalsiyam daga muƙamuƙi, haƙora su saki ko da suna fari.

Saboda haka ɗanyen nama bai ɗauke wa mai kiwo aikin duba baki ba. Sau ɗaya a mako ya ɗaga leɓe ya leƙa har turamen baya na sama, inda kanta ta fi taruwa. Ya riƙa gogewa da ƙaramin buroshin kyanwa da man da aka yi don dabbobi, domin na mutane yana da fuloraid, ita kuwa ba ta san tofarwa ba. Kantar da ta riga ta daskare kada ya ce zai kankare ta da farce ko ƙarfe, zai karce inamel ne ya bar ta ƙarƙashin dasashi yadda take. Wannan aikin likita ne, kuma sai an sa dabbar barci ake yin sa.